Daga Gurmi Zuwa Jita: Kimiyyar Tsirkiya da Hanyar Koyon Haɗa Amo

Gabatarwa

Kiɗan tsirkiya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin jita ta iso, maharba na da garayarsu, 'yan kokawa na da gurminsu, ga molo, ga goge mai tsirkiyar izgar doki, ga ƙanwarta kukuma. Jihar Jigawa ma tana da rabonta, domin daga Haɗejiya Haruna Uji ya fito da gurminsa har ya zama sananne a duk inda ake jin Hausa. Haka kuma Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya shafe rayuwarsa yana faɗakar da jama'a da kuntigi, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya tak.

To, amma saurayin da ya sami jita a Kiyawa, ko a Shuwarin, ko cikin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse wadda aka kafa a 2011, yakan ci karo da matsala biyu. Ta farko, yatsunsa su yi ciwo, sautin ya ƙi fita, bayan mako biyu ya rataye ta a bango. Ta biyu, idan ya daure ya iya, sai ya tarar da abin da yake kaɗawa bai yi kama da waƙar da kunnensa ya saba ji ba. Dukkan matsalolin nan suna da bayani a kimiyyance, kuma wanda ya fahimci bayanin ya rage wa kansa rabin wahala. Wannan darasi zai duba yadda tsirkiya ke haifar da amo, da yadda kunne ke karɓarsa, da abin da ke faruwa a yatsu da ƙwaƙwalwa, sannan ya shimfiɗa matakan koyo.

Yadda Tsirkiya Ke Haifar da Amo

Sauti ba kome ba ne illa karkarwar iska. Idan aka taɓa tsirkiya takan yi ta kai da komo da sauri, ta miƙa wannan motsi ga jaki, wato ɗan itacen da take hawa a kai, shi kuma jaki ya miƙa shi ga fatar da aka rufe ƙwarya da ita, ko ga allon gaban jita. Tsirkiya ita kaɗai siririya ce, ba ta iya tura iska mai yawa. Faɗin fata ko na allo ne ke sa a ji amon daga nesa. Ana ƙidaya wannan karkarwa da yawan kai da komo a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma ana rubuta ma'aunin da alamar Hz, don tunawa da masanin nan na Jamus, Heinrich Hertz. Idan karkarwar ta yi yawa, sai amo ya fito siriri; idan ta yi kaɗan, ya fito da kauri.

A 1636 wani masani ɗan Faransa, Marin Mersenne, ya wallafa ƙa'idoji uku da ke hukunta kowace tsirkiya, ta jita ce ko ta garaya. Ta farko ita ce tsawo: idan aka rage tsawon tsirkiya zuwa rabi, karkarwarta za ta ninka sau 2. Ta biyu ita ce ɗamewa: kafin a ninka karkarwa sau 2 ta hanyar ɗaurewa kawai, sai an ninka ƙarfin jan sau 4. Ta uku ita ce nauyi: tsirkiya mai kauri ta fi jinkirin motsi, shi ya sa ake naɗe tsirkiyoyin jita masu babbar murya da siririyar waya.

Kowane ɗalibi na iya tabbatar da ƙa'idar farko da gwangwanin madara da sanda da silin wayar birkin keke. A ɗaure wayar yadda tsawon da ke karkarwa zai zama santimita 60. A taɓa ta a saurara. Sai a danne ta yadda santimita 30 kawai za su rage: za a ji amon farko ne ya dawo, amma da siririyar murya, kamar yaro ya maimaita abin da babba ya rera. Wannan tazara ta 2 bisa 1 ita ce makaɗa ke kira oktaf. Idan aka bar santimita 40, an sami tazarar 3 bisa 2. Idan aka bar 45, an sami 4 bisa 3. Waɗannan su ne tazarori uku da aka danganta gano su ga Fisagoras na Girka, kuma Al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya yi dogon bayani kan irin wannan lissafi a babban littafinsa na ilimin kiɗa.

Jita da Tsarinta

Jita irin ta yau ta sami siffarta ne a ƙasar Sifen, musamman a hannun masassaƙi Antonio de Torres (1817 zuwa 1892). Tana da tsirkiya 6, kuma ana ƙirga su daga mafi siranta, wadda ke ƙasa idan an rungumi jita, zuwa mafi kauri da ke sama. Makaɗa na yi wa amo laƙabi da haruffa bakwai, A zuwa G. Ga yadda ake saita tsirkiyoyin:

Ta 6: E, karkarwa 82 a daƙiƙa
Ta 5: A, 110
Ta 4: D, 147
Ta 3: G, 196
Ta 2: B, 247
Ta 1: E, 330

Babban abin da ya raba jita da gurmi ko garaya shi ne ƙarafan da aka gitta a wuyanta, waɗanda za a kira matakai a nan. Mai gurmi kunnensa ne ke nuna wa yatsa inda zai sauka, kuma yana iya zamewa tsakanin amo da amo yadda murya ke yi. A jita kuwa an riga an yanka hanyar. An raba oktaf gida 12 daidai wa daida, kowane mataki na ƙara karkarwa da kusan kashi 6 cikin 100. A jitar da tsawon tsirkiyarta ya kai milimita 650, matakin farko na nan a kusan milimita 36.5 daga kan wuya, na 12 kuwa a milimita 325, wato rabi cif. Mai sayen jita a kasuwa na iya gwada ta da wannan ilimi: amon mataki na 12 dole ya zama oktaf ɗin tsirkiyar a sake. In bai zama ba, akwai aibu a wuya ko a jaki, ko kuwa tsirkiyar ta tsufa.

Saita tsirkiyoyi da kunne ba shi da wuya. A danne ta 6 a mataki na 5, amonta ya zama ɗaya da na ta 5 a sake. Haka za a yi ta bi, ta 5 da ta 4, ta 4 da ta 3, ta 2 da ta 1. Ta 3 ce kawai ake dannewa a mataki na 4 don a saita ta 2. Idan tsirkiya biyu sun kusa daidaita amma ba su kai ba, za a ji amon yana kumbura yana sacewa. Yawan wannan kumburi shi ne bambancin karkarwarsu: 110 da 112 za su ba da kumburi 2 a daƙiƙa. A ci gaba da murɗa kunnen jita har kumburin ya ɓace.

Kunne da Dalilin Daɗin Haɗin Amo

Karkarwar iska na bugun fatar dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su kai ta ga wata gaɓa mai siffar katantanwa, wadda tsawonta in an warware bai wuce kusan milimita 35 ba. A cikinta akwai wata shimfiɗa da ke amsa siririn amo a bakinta, mai kauri kuma can ƙuryarta. Georg von Bekesy ya sami kyautar Nobel a 1961 saboda bayanin wannan aiki. A kan shimfiɗar akwai ƙwayoyin halitta masu gashi, kimanin 3,500 a layin ciki, waɗanda ke mai da motsi saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Kunnen yaro lafiyayye na jin karkarwa daga kusan 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Ya kamata makaɗi ya sani cewa a jikin ɗan Adam waɗannan ƙwayoyi ba sa sake tsirowa idan ƙara ta lalata su, don haka tsayawa a bakin lasifika a gidan biki ba ƙaramar asara ba ce.

Wani abin mamaki shi ne tsirkiya ba ta karkarwa da salo ɗaya kaɗai. Tana yi da tsawonta gaba ɗaya, tana kuma yi rabi-rabi, da kashi uku-uku, da huɗu-huɗu, duk a lokaci guda. Saboda haka tsirkiya ta 5 mai 110 tana fitar da 220 da 330 da 440 da 550 da 660 a ɓoye cikin amonta. Yadda ƙarfin waɗannan 'ya'yan amo ya bambanta ne ke sa a rarrabe goge da jita ko da sun riƙe amo ɗaya.

A dubi uku na ƙarshe: 440 da 550 da 660. Dangantakarsu ita ce 4 da 5 da 6. Idan aka kaɗa amo uku masu irin wannan dangantaka a tare, 'ya'yansu da yawa sukan faɗo wuri ɗaya a cikin katantanwar kunne, ba sa gogayya, sai a ji su kamar abu guda. Wannan haɗi na amo uku ko fiye shi ne makaɗan jita ke kira kod. Akwai babban haɗi, mai 4 da 5 da 6, akwai kuma ƙaramin haɗi, wanda ake sassauto da amon tsakiya da mataki ɗaya, a sami 10 da 12 da 15. Ana nuna ƙaramin da harafin m, kamar Em.

Yatsu da Ƙwaƙwalwa

Ciwon yatsu na farkon koyo ba alamar rashin baiwa ba ne. Tsirkiyoyin ƙarfe shida na jan wuyan jita da ƙarfin kimanin kilo 70, na roba kuwa kimanin 40, kuma tsokar bakin yatsa cike take da jijiyoyin ji. Idan gogayya ta yi ta maimaituwa, ƙwayoyin fata na ƙasa sukan ƙara saurin hayayyafa, saman fata ya yi kauri da sinadarin keratin, a sami kanta, irin wadda manomi ke samu daga ƙotar fartanya. Wannan kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu. Minti 15 zuwa 20 kowace rana ya fi awa uku rana ɗaya, domin bororo ba kanta ba ne, yakan mai da mai koyo baya. A yanke farcen hannun hagu, kuma kada a yi kiɗa da hannun da ya jiƙe da ruwa, don fata ta yi laushi.

Manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu ba a yatsun suke ba, a damtsen ƙasa suke, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, suna jan yatsu da dogayen jijiyoyi. Idan aka karya wuyan hannu sosai, jijiyoyin sukan takura, hannu ya gaji da wuri. Haka kuma jijiyar da ke ɗaga yatsan zobe tana haɗe da na maƙwabtansa a bayan hannu, shi ya sa yake wa kowa taurin kai.

Koyo na gaskiya a ƙwaƙwalwa yake faruwa. A 1995 Thomas Elbert da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Science, inda suka nuna cewa yankin ƙwaƙwalwa da ke amsa taɓin yatsun hagu ya fi girma ga makaɗan tsirkiya, musamman waɗanda suka fara tun suna ƙanana. A 2002 kuma Matthew Walker da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa mutanen da suka koyi wani jerin motsin yatsu sun ƙara sauri da kusan kashi 20 cikin 100 bayan barcin dare, ba tare da ƙarin gwaji ba. Ke nan wanda haɗi ya gagare shi da yamma, ya ajiye ya kwanta, ya sake gwadawa da safe.

Haɗi Huɗu na Farko

Yatsa ya sauka da bakinsa, dab da bayan ƙarfen mataki, babban yatsa kuma ya tokare bayan wuya.

Em: na tsakiya a tsirkiya ta 5 mataki na 2, na zobe a ta 4 mataki na 2. A kaɗa duka shida. Amonsa E da G da B.

G: na tsakiya a ta 6 mataki na 3, manuni a ta 5 mataki na 2, na zobe a ta 1 mataki na 3. A kaɗa duka. Amonsa G da B da D.

C: na zobe a ta 5 mataki na 3, na tsakiya a ta 4 mataki na 2, manuni a ta 2 mataki na 1. A bar ta 6. Amonsa C da E da G.

D: manuni a ta 3 mataki na 2, na zobe a ta 2 mataki na 3, na tsakiya a ta 1 mataki na 2. A kaɗa huɗu na ƙasa kawai. Amonsa D da A da wanda ke mataki ɗaya sama da F.

Bayan an ɗora yatsu, a taɓa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi gunji, yatsa ya yi nisa da ƙarfe. Wadda ta toshe, wani yatsa ne ya jingina da ita. Daga nan sai sauyi: a bi bugun daƙiƙa na agogon bango, a yi bugu huɗu a Em, huɗu a G, a koma. Hannun dama kada ya tsaya jiran na hagu, kamar yadda taɓarya ba ta jira a lugude. Sai sauyin ya zauna a hankali kafin a ƙara sauri.

Ɗora Karin Waƙa

Waƙoƙin gargajiya da dama na Afirka ta Yamma, har da na Hausa, sun fi tafiya a kan tsani mai amo biyar. An yi dace, domin tsirkiyoyin jita a sake, E da A da D da G da B, su ne ainihin amo biyar na irin wannan tsani. Don samun sauran, a danne ta 1 da ta 2 da ta 6 a mataki na 3, ta 3 da ta 4 da ta 5 kuma a mataki na 2. Ƙa'idar ɗora kari ɗaya ce: amon da ya faɗo a bugun farko ya kasance ɗaya daga cikin amon haɗin da ake kaɗawa, sauran na iya bi ta maƙwabta.

Ga gwaji na mutum biyu, ɗaya na kaɗa haɗi, ɗaya na taɓa tsirkiya ɗai-ɗai. A kan Em: E (ta 1 a sake), D (ta 2 mataki na 3), B (ta 2 a sake), a riƙe B. A kan G: D, B, A (ta 3 mataki na 2), G (ta 3 a sake). A kan D: A, B, A, sai D mai kauri (ta 4 a sake). A kan Em: E mai kauri (ta 4 mataki na 2), a riƙe har bugu huɗu. Karin ya faro daga 330 ya sauka a 165, rabi daidai, shi ya sa kunne ke jin an dawo gida.

A nan ne harshe ke da hakkinsa. Hausa harshe ne mai karin sauti: tashin murya da saukarta na sauya ma'ana. Kuka na hawaye sama yake tafiya duka, kukar miya kuwa ta fara sama ta sauko. Wuyan jita daga sama yake sauka, wuya ta wahala daga ƙasa take hawa. Saboda haka wanda ya ƙirƙiro kari da farko, sannan ya cusa masa kalmomi da ƙarfi, yana iya rera abin da bai yi nufi ba. Hanyar da ta fi ita ce a faɗi jimlar da baki sau da yawa, a lura da inda murya ta hau da inda ta sauka, a nemo wannan hawa da sauka a tsanin amo biyar, sannan a zaɓi haɗin da ya ƙunshi amon bugun farko. Gaɓa mai nauyi ta sami dogon amo, marar nauyi ta sami gajere. Kuma ba dole ba ne a yi ta sauya haɗi: ana iya zama a kan Em kaɗai, babban yatsa na maimaita tsirkiya ta 6, manuni na fitar da kari, wanda ya fi kusa da salon masu gurmi.

Wannan hanya tana da magabata. Ali Farka Toure na ƙasar Mali (1939 zuwa 2006) ya fara ne da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya, ya ɗauko salonsu ya ɗora a jita har duniya ta san shi. A Jamhuriyar Nijar, Mdou Moctar ya haɗa jitarsa ta farko da kansa da wayar birkin keke, shi da Bombino na Agadas kuma sun kai kiɗan Abzinawa Turai da Amurka.

Kula da Kayan Kiɗa

Itace da fata kayan halitta ne, suna shan laima suna saki. A lokacin hunturu, iskar Jigawa kan bushe ƙwarai, allon jita ya tsuke har ya tsage. A ajiye ta cikin jakarta nesa da rana, tare da ɗan soso mai laima a cikin leda mai huji. Da damina kuwa itace kan kumbura, tsirkiyoyin ƙarfe su yi tsatsa, fatar gurmi ta saki. A riƙa goge gumi bayan kowane kiɗa.

Kammalawa

An ga cewa ƙa'idojin tsawo da ɗamewa da nauyi su ne ke mulkin kuntigi da jita baki ɗaya, kuma daɗin haɗin amo yana da tushe a lissafi da kuma ginin kunne. An ga kuma fata da ƙwaƙwalwa suna sauyawa da gwaji kaɗan-kaɗan na kullum. Abin da ya rage ga mai koyo a Kiyawa da kewaye shi ne ya nemi tsofaffin masu gurmi da garaya da suka rage a karkara, ya zauna ya saurare su da kyau, domin karin da jitarsa ke buƙata yana hannunsu, kuma ba a rubuce yake ba. Malaman kimiyya na sakandare su ma suna iya sa ɗalibai su ƙera mai tsirkiya ɗaya da gwangwani, su auna da ma'auni, su ji lissafi da kunnensu.